Sashen PAT na jarrabawar DAT: ana koyon ganin siffa a cikin kai, ko baiwa ce?

Wata ɗaliba 'yar Arewa da ke shekara ta uku a wata jami'a a Amurka ce ta aiko da wannan tambaya a kan PAT, wato sashen jarrabawar DAT da ke gwada yadda mutum ke fahimtar siffa daga zane: "Assalamu alaikum Likita. Nan da wata uku zan zana jarrabawar DAT don neman gurbin karatun likitan haƙori. Bayoloji da kemistiri ba sa ba ni tsoro, amma sashen PAT ya gagare ni. A gwajin da na yi a gida, cikin tambaya 90 da ƙyar na ci rabi, lokaci kuma ya ƙare ina kan ta 70. Abokan karatuna sun ce wannan baiwa ce, ko an haifi mutum da ita ko babu. Akwai abin da zan iya yi, ko in haƙura?"

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kada ki haƙura. Wata uku ya isa a ga canji mai yawa, amma da sharaɗin ki sauya yadda kike atisaye. Daga bayaninki na fahimci abin da kike yi shi ne abin da yawancin ɗalibai masu ƙoƙari ke yi: ki kunna agogo, ki amsa tambayoyi da yawa, ki duba maki, ranki ya ɓaci, washegari ki maimaita. Wannan hanya tana aiki a kemistiri, domin a can kin riga kin san darasin, sauri kawai kike nema. A PAT kuwa abin da ya rage miki ba sauri ba ne tukuna. Idonki ne bai riga ya koyi karanta zane ya mayar da shi abu mai kauri da zurfi ba, kuma hannu ne ke koya wa ido wannan. Ki taɓa abin, ki ninke shi, ki yanka shi, ki zana shi, sannan daga baya agogo ya shigo.

Maganar baiwa kuma, gaskiya ne mutane ba sa farawa daga wuri ɗaya. Yaron da ya tashi a shagon kafinta ko a gaban keken ɗinki ya yi shekaru yana wannan atisaye ba tare da ya sani ba, sai ya zo jarrabawa a ce an haife shi da ita. Amma an yi bincike sosai a kan wannan. A 2013 David Uttal da abokan aikinsa sun tattara bincike 217 da aka yi kan horar da mutane fahimtar siffa da sarari, suka samu cewa horo yana ƙara wannan ƙwarewa, ƙarin yana daɗewa, kuma yana ratsawa zuwa ayyukan da ba a horar da mutum a kansu kai tsaye ba. Manya ma suna ƙaruwa, ba yara kaɗai ba, saboda haka kada wani ya karya miki gwiwa da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Akwai kuma Sheryl Sorby, farfesar injiniyanci, wadda ta sha faɗa da bakinta cewa tana cikin zaƙaƙuran ɗalibai a lissafi da kimiyya amma darasin zanen injiniya ya ba ta wuya sosai a shekararta ta farko. Daga baya, a 1993, ta kafa wani kwas a jami'ar fasaha ta Mishigan don ɗaliban da ke da irin wannan rauni, kuma ginshiƙin kwas ɗin shi ne a riƙe abu a hannu a zana shi da fensir daga kowane ɓangare.

Yana da kyau ki san dalilin da ya sa ake wannan gwaji, don kada ki ɗauke shi wahalar banza. Ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka, ADA, ita ke shirya DAT. A da can ana ba ɗalibi alli ne ya sassaƙa wata siffa da wuƙa, sai a farkon shekarun 1970 aka maye gurbin sassaƙar da gwajin fahimtar siffa da ido, wato PAT. Kanada ma tana da tata DAT ɗin mai sashen PAT, kuma a da ta daɗe tana sa ɗalibai sassaƙa sabulu. A Najeriya babu irin wannan gwaji, ta JAMB ake shiga karatun haƙori, shi ya sa da yawa daga cikinmu ba mu taɓa cin karo da irin waɗannan tambayoyi ba sai da muka zo nan. Ina tuna ranar da na fara aiki da madubi a ɗakin koyon aiki, a kan kan roba mai haƙoran roba. An ce in gyara rami a turmin haƙori na sama, wanda ba ya ganuwa sai ta madubin da ke hannuna na hagu. Na ga inda nake so in je, na tura hannun dama, sai bakin injin ya nufi kishiyar wurin. Ramin da ake nema zurfinsa bai wuce milimita ɗaya da rabi zuwa biyu ba. Haka hoton ekisire: shafaffe ne, amma saiwar haƙorin da ke cikinsa tana iya lanƙwashewa ta nufo ki ko ta yi baya, kuma ke za ki gina wannan zurfin a cikin kanki kafin ki sa allura. Idan kina fere haƙori don a ɗora masa hula, bangon haƙorin zai ɗan karkata ne da 'yan digiri kaɗan, littattafai suna kawo misalin digiri 6, kuma babu ma'auni a cikin bakin mutum, idonki ne ma'aunin. Duk abin da kika koya yanzu, za ki ci moriyarsa a can.

Sashen yana da tambaya 90 a minti 60, wato sakan 40 ga kowace tambaya idan aka raba daidai. Kashi shida ne, kowanne tambaya 15, kuma jerinsu ba ya canzawa: 1 zuwa 15 ramin makulli, 16 zuwa 30 sama-gaba-gefe, 31 zuwa 45 jera kusurwa, 46 zuwa 60 huda takarda, 61 zuwa 75 ƙirgen dunƙule, 76 zuwa 90 naɗe shimfiɗaɗɗen zane. Ba a rage maki don an amsa ba daidai ba, saboda haka kada ki bar gurbi ko ɗaya. Tun daga watan Maris na 2025 ana ba da maki ne daga 200 zuwa 600, ba 1 zuwa 30 na da ba, don haka ki lura da wannan idan kina karanta tsofaffin shawarwari. Makin PAT ba ya shiga matsakaicin makin darussa, shi kaɗai yake tsayawa a takardar sakamako, kuma makarantu suna kallonsa.

Ki fara da huda takarda da ƙirgen dunƙule, domin waɗannan biyun ƙa'ida ce ke tafiyar da su, kuma wanda ya kama ƙa'idar yana iya cinye kusan duka talatin ɗin. A huda takarda, ana ninke takarda mai murabba'i sau ɗaya zuwa uku, a huda ta, a tambaye ki inda ramuka za su fito idan an warware. Wuraren da rami zai iya faɗawa 16 ne, layi huɗu a kwance, huɗu a tsaye. Ki yanka takardu murabba'i guda hamsin, ki zana wa kowace waɗannan gidaje 16, ki nemi abin huda takarda na ofis. Ga misali ki gwada yau: ki ninko rabin sama ya rufe rabin ƙasa, sannan ki ninko rabin hagu ya rufe na dama. Yanzu takardar ta zama falle huɗu a kusurwar ƙasa ta dama. Ki huda a layi na 3 daga sama, gida na 4 daga hagu. Kafin ki buɗe, ki rubuta hasashenki. Warwarewa kullum daga ninkin ƙarshe ake farawa a koma baya, kuma kowane layin ninki madubi ne. Ninkin ƙarshe a tsaye yake, don haka gida na 4 zai haifi gida na 1 a wannan layi na 3. Ninkin farko a kwance yake, don haka layi na 3 zai haifi layi na 2. Ramuka huɗu ke nan: biyu a layi na 2, biyu a layi na 3, duk a gefen hagu da gefen dama. Sai ki buɗe ki gani da idonki.

Inda ake kama mutane shi ne ninkin da aka yi a karkace, da kuma yawan falle. Idan layin ninki ya taso daga kusurwar sama ta hagu zuwa ta ƙasa ta dama, lambar layi da lambar gida ne ke musaya: ramin da ke layi na 1 gida na 3 zai haifi na layi na 3 gida na 1. Idan kuma an huda a kan layin ninkin kansa, rabin rami za ki gani, kuma idan an buɗe rami ɗaya cikakke zai zama, ba biyu ba. Babban tarkon kuwa shi ne ɗauka cewa kowane ninki yana ninka yawan ramuka. Ba haka ba ne. Idan kunnen takarda kawai aka lanƙwaso, rami kuma ya faɗa inda kunnen bai rufe ba, wannan ninkin bai shafe shi ba sam. Kafin ki haskaka rami ta madubin ninki, ki tambayi kanki: falle nawa ne a daidai wannan wurin? Bayan kin huda takarda hamsin da hannunki, ba sai an gaya miki ba, za ki riƙa jin kaurin a ranki.

Ƙirgen dunƙule ya fi sauƙi. An jera dunƙule-dunƙule masu fuska shida an manne su, an shafa musu fenti ta ko'ina ban da ƙasan da suke zaune a kai, sai a ce guda nawa ne fenti ya taɓa fuskarsu biyu, ko uku, ko huɗu. Ki sayi kwalin Maggi ko na sukari mai ƙwaya, ki riƙa gina abin da kika gani a zane a kan tebur. Ki jera uku a layi, ki ɗora ɗaya a kan na tsakiya. Na bakin hagu da na bakin dama kowanne fuska 4 ya samu: sama, gaba, baya da gefen waje. Na tsakiya a ƙasa fuska 2 kawai, gaba da baya. Na sama fuska 5. Ƙa'idar ita ce ki fara da 5, ki cire ɗaya ga kowane maƙwabcin da ya jingina da shi a gefe, ki ƙara cire ɗaya idan an ɗora masa wani a ka. Dunƙulen da ba ki gani a zane ba ya nan, sai dai idan shi ke tallafe da wani na samansa. Kowane gini yana zuwa da tambayoyi fiye da ɗaya, don haka kada ki ƙirga sau uku. Ki ja ɗan jadawali daga 0 zuwa 5, ki bi ginin sau ɗaya a tsari guda, ni daga baya nake farowa zuwa gaba, hagu zuwa dama, ƙasa zuwa sama, ki sa kara ga kowane dunƙule. Idan kin gama, jimillar kararrakin ta yi daidai da yawan dunƙulen ginin. Idan ba ta yi ba, kin tsallake wani, kuma galibi na ɓoye ne a ƙasa.

Jera kusurwa ba shi da wata dabara mai zurfi, kuma ina ganin nan ne ɗalibai suka fi ɓarnar lokaci. Kusurwa huɗu ne, ki jera su daga ƙarama zuwa babba, bambancin wasu 'yan digiri ne kaɗan. Ana tsawaita ƙafafun wata, a gajarta na wata, a juya wata ta kalli ƙasa, duk don a ruɗi ido. Ki kalli dab da inda layukan suka haɗu, ki manta da tsawon ƙafa. Ki fara gano mafi ƙanƙanta da mafi girma, ki duba zaɓin amsa, sau da yawa biyu sun faɗi nan take, sauran biyun kuma kusurwa biyu kawai suka bambanta. Ki yanke hukunci ki wuce. Ƙura wa kusurwa ido na minti guda ba ya ƙara mata girma, hasali ma ido gajiya yake yi ya fara yi miki ƙarya. A gida ki ɗauko ma'aunin kusurwa na cikin mas-set, ki zana kusurwoyi a kan katuna, 37, 40, 43, 46, ki rubuta lambar a baya, ki cakuɗa ki jera. Minti biyar a rana ya wadatar. Idan kuma kin daɗe ba a auna idonki ba, ki je a auna, domin na ga ɗalibin da matsalarsa a wannan kashi tabarau ne kawai.

Sama-gaba-gefe shi ne inda nake so ki fi daɗewa, domin wanda ya iya shi, ramin makulli da naɗe zane ma suna sauƙaƙa masa. Ana nuna abu ta fuska biyu cikin uku, a ce ki zaɓi ta ukun. Kallon sama yana sama ta hagu, kallon gaba yana ƙarƙashinsa, kallon gefe kuma yana dama da na gaba, kuma daga hannun dama ake kallonsa. Idan kin yi zanen fasaha a sakandare a gida, ki yi hattara a nan: akwai tsarin da ake koyarwa wanda ke ajiye kallon sama a ƙarƙashin kallon gaba, shi kuwa DAT tsarin Amurka yake bi, na sama a sama. Cikakken layi yana nufin gefen da ido ke gani, layi mai ɗigo-ɗigo kuma gefen da ke ɓoye a baya ko a ciki.

Ki ɗauko sandar sabulun wanki da ƙaramar wuƙa. Ki yanke kashi ɗaya daga sama ta dama, ya zama kamar matakala mai hawa biyu, dogon ɓangaren a hagu, gajeren a dama. Ki ajiye shi a tebur, ki durƙusa har idonki ya yi daidai da shi, ki rufe ido ɗaya. Daga gaba za ki ga siffar matakalar. Ki miƙe ki leƙa daga sama: dogon murabba'i ne kawai da layi ɗaya ya raba shi biyu, tudun da kwarin duk sun ɓace. Ki zagaya dama: murabba'i ne da cikakken layi a kwance, domin bakin matakalar yana fuskantarki. Yanzu ki juya sabulun, dogon ɓangaren ya koma dama, ki sake kallo daga daman. Matakalar tana nan, amma bango ya tare ta, layin ya zama ɗigo-ɗigo. Wannan bambancin kaɗai tambayoyi da yawa suke gwadawa. Ki huda sabulun daga sama har ƙasa da biro: daga sama da'ira ce, daga gaba layi biyu ne masu ɗigo-ɗigo a tsaye, daga gefe ma haka. Ki zana duka ukun a takarda mai gidaje. Kullum sabon yanka, sabon zane. Bayan mako guda ki juya aikin: ki ɗauko tambaya, ki dubi fuska biyun da aka bayar, ki sassaƙa abin ko ki zana shi da kaurinsa, tun kafin ki kalli zaɓin amsa.

Abubuwa uku ne ke ɗaure waɗannan fuskoki da juna. Sama da gaba faɗinsu ɗaya, gaba da gefe tsayinsu ɗaya, sama da gefe zurfinsu ɗaya. Duk layin da ke kwance a kallon gaba, dole akwai wani abu a daidai wannan tsayin a kallon gefe. Sannan ki riƙe cewa ƙasan kallon sama shi ne gaban abin, kuma hagun kallon gefe shi ne gaban abin. Za ki ji ana koyar da wata dabara ta ƙirga layuka kawai a zaɓi amsar da lambarta ta dace. Tana taimakawa wajen zubar da amsa ɗaya, amma ban yarda a dogara da ita ba. Masu tsara tambayoyi suna iya kawo zaɓi huɗu masu yawan layi iri ɗaya, bambancin kawai wanne ne cikakke, wanne ne ɗigo-ɗigo, kuma a nan mai ƙirga ya tsaya cik. Ban da haka, dabarar ba za ta bi ki ɗakin aiki ba.

Ramin makulli inuwa ce. An ba ki abu da ramuka biyar, ki zaɓi wanda abin zai ratsa daidai wa daida. Kina iya juya abin yadda kika so kafin ya shiga, amma da ya fara shiga babu sauran juyi, kuma ramin daidai yake da zagayen abin, a ma'auni ɗaya aka zana su. Ki fita rana da kwaɗon ƙofa, da kofi mai hannu, da gwangwanin madara, da sabulun da kika yanka, ki riƙe kowanne a saman farar takarda, ki juya shi ki ga inuwarsa ta sama, ta gaba, ta gefe. Na ce rana ba tocila ba, domin tocila idan ta yi kusa tana kumbura ɓangaren da ke dab da ita, hasken rana kuwa a miƙe yake zuwa, irin yadda zanen jarrabawa yake. Inuwa ba ta san rami ko tudun da ke tsakiyar abu ba, zagaye kawai ta sani. Amsar daidai kusan kullum ɗaya ce daga waɗannan fuskoki uku, ko da an kifa ta ko an karkata ta. Amsoshin ƙarya kuma yawanci siffarsu daidai ce, girman ne ba daidai ba: an tsawaita wata ƙafa, an sirance wani wuya, ko an mayar da wani ƙahon hagu zuwa dama. Ki saba da auna ɓangare da ɓangare, ki ce wannan ƙafar rabin jikin ce, a amsar nan kuwa ta kai kashi biyu cikin uku.

A nan akwai wani bincike da zai amfane ki. A 1971 Roger Shepard da Jacqueline Metzler sun nuna wa mutane siffofi biyu-biyu suna tambaya ko abu ɗaya ne aka juya. Suka samu cewa gwargwadon yawan digirin da aka juya siffar, gwargwadon lokacin da mutum ke ɗauka, kamar da gaske ƙwaƙwalwa juya abin take yi sannu a hankali. Darasin da na ɗauka shi ne kada a riƙa juya abu gaba ɗaya a cikin kai idan ba dole. Ki zaɓi alama ɗaya da ta fita daban, wani ƙaho ko wani yanka, ki bi ta ita kaɗai, ki ga ina take dangane da maƙwabciyarta. Masu sauri a PAT yawanci ba juyi suka fi ki iyawa ba, sun san abin da ba sai an juya ba.

Haka naɗe zane yake. Duk telan da ya yanka hannun riga a shimfiɗe ya san yadda zai zauna a kafaɗa, wannan aikin yake yi. Ki tattara kwalin magani, kwalin man goge baki, kwalin ashana, ki ɓanɓare su a hankali ta wurin gam, ki shimfiɗa, ki yi wa kowace fuska alama, sannan ki yi hasashen wace za ta haɗu da wace kafin ki mayar. Fuskar zanen da kike gani ita ce waje, don haka naɗin baya yake tafiya, ba wajenki ba. A dunƙule mai fuska shida, idan fuska uku suna jere a layi ɗaya, ta farko da ta uku kishiyoyi ne, ba za a taɓa ganinsu tare ba, kuma wannan kaɗai yana kashe amsoshi da yawa. A siffofin da ba su da tsari, ki nemi fuska mafi ban mamaki a zanen, ki duba ko tana cikin amsar da girmanta da yawan gefenta. Sau da yawa kafin ki naɗe komai amsa biyu sun fita.

Ga yadda zan raba wata ukun da a ce ni ce ke. Mako uku na farko babu agogo sam: minti 40 zuwa awa ɗaya a rana, da sabulu da takarda da Maggi a gabanki, tambaya goma kacal amma kowace sai kin san dalilin da ya sa amsar daidai ta zama daidai, da dalilin da ya sa sauran suka faɗi. Na san zai yi miki wuya ki ga kwanaki na tafiya kina wasa da sabulu alhali wasu suna cewa sun yi tambaya dubu, amma ki daure. Kullum kaɗan ya fi awa shida ranar Asabar. Daga mako na huɗu ki ajiye kayan hannu a gefe, ki yi tambaya 15-15 da agogo, ki koma ga kayan kawai idan kin faɗi. Ki buɗe littafin kurakurai, kuma kada ki rubuta "na faɗi ta 22", ki rubuta "na ɗauki layin ɓoye a matsayin na fili" ko "na manta kunnen bai rufe ramin ba". Bayan mako biyu za ki ga kurakuranki iri uku ne ko huɗu suke ta dawowa da sabbin kaya. Wata na ƙarshe ki riƙa yin cikakken sashen sau ɗaya ko biyu a mako. ADA tana sayar da gwajin atisaye nata, kuma littafin jagorarta yana ɗauke da dokokin jarrabawa, ki karanta shi da kyau. Akwai kuma manhajoji masu ƙirƙiro tambayoyi ba iyaka, suna da amfani ga kusurwa da huda da dunƙule.

Game da lokacin da ya ƙare miki a tambaya ta 70: abin da ya faru shi ne kashi biyun farko, waɗanda suka fi nauyi, sun cinye miki rabin awa da ƙari, sai kika rasa ragowar dunƙule, wanda maki ne a ajiye, da naɗe zane gaba ɗaya. Kada ki raba sakan 40 daidai. Ki nemi gama kusurwa a minti 5 zuwa 6, huda a 7 zuwa 8, dunƙule a 8 zuwa 9, sai minti 37 zuwa 40 su rage wa manyan ukun. Ɗalibai da yawa suna tsallakawa su fara daga ta 31, su kwashe masu sauƙin tukuna, sannan su dawo. Ki gwada hanyoyin biyu a gida ki zaɓi ɗaya, kada ki canza ranar jarrabawa. Duk tambayar da ta wuce minti ɗaya, ki zaɓi mafi kusa, ki sa mata alama, ki wuce.

Ki kuma kwaikwayi yanayin ɗakin jarrabawar. A cibiyar Prometric, kamfanin da ke gudanar da jarrabawar, ake yi, a kan kwamfutar tebur, don haka ki daina atisaye a waya, girman zane yana canza yadda ido ke aunawa. Ba a yarda ki taɓa fuskar kwamfutar ba, ba a yarda ki ninke allon rubutun da za a ba ki ba, ko ki yi awo da wani abu. Allon roba ne da alƙalamin maka, ba takarda da fensir ba, saboda haka ki sayi irinsa ki saba zana gidaje 16 da jadawalin dunƙule a kansa cikin sauri. Sannan PAT yana zuwa ne kai tsaye bayan minti 90 na tambayoyin kimiyya guda 100, hutun sai bayansa. Wato da gajiyayyen ido za ki shige shi. A makonni huɗun ƙarshe, duk lokacin da za ki yi cikakken gwaji, ki fara yin sashen kimiyyar gaba ɗaya, ki shiga PAT ba tare da kin tashi daga kujera ba, kuma ki yi hakan a daidai sa'ar da aka ba ki ta zana jarrabawar. Idan kin yi mako uku na farko, ki aiko min da shafi biyu daga littafin kurakuranki, mu duba tare wane kashi ne ke buƙatar ƙarin lokaci. Allah ya ba da sa'a.